Ɗan barewa da tarkon waya ya yanke wa ƙafa yana gidana, yaya zan yi da shi?

Mahaucin Bogo:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san sha'anin namun daji ya ba ni shawara, don abin nan ya fi ƙarfin sanina.

Ni mahauci ne a nan Bogo, arewacin Kamaru, fawa gadon gidanmu ce. Ranar Alhamis ɗin nan, ranar kasuwar shanu, na gama cinikin awaki zan fita daga kara, sai na ga wasu yara biyu makiyaya daga wajen Pette sun rufe wani abu da buhun taki. Na ɗauka ɗan akuya ne. Da suka buɗe sai ga ɗan barewa, namiji, ko ƙaho bai tsiro masa ba. Jan goshi, siririn baƙin layi a gefen haƙarƙari, ciki fari fat. Sun haɗe ƙafafunsa huɗu da igiyar leda. Suka ce a bakin karal, wato filin laka da ake dasa masakwa, suka same shi cikin tarko, irin wanda ake yi da wayar birkin babur, uwar kuma ta gudu da ta ji motsinsu. Wani mai tsire yana tsaye yana taya shi sefa 2,000. Na ba su 3,000 na ɗauko shi.

Wayar ta zagaye ƙafar baya ta hagu, sama da kofato kaɗan. Na datse ta da filaya, amma ta riga ta nutse cikin nama, ana hangen farin jijiya. Ƙashi dai na lalluba ban ji karaya ba, kuma hannuna ya san ƙashin dabba. Wurin ya kumbura, ya fara ɗan wari, ƙuda ba ya barinsa. Ranar farko ko ruwa ya ƙi, sai makyarkyata, in na ɗora hannu a ƙirjinsa ina jin zuciyar tana dukan tafina. Uwargida ta tatso nonon akuya ta zuba a kwalbar shayar da jarirai, jiya da dare ya ɗan karɓa. Yanzu yana ɗakin da nake ajiye gawayi.

Mutanen unguwa kowa da tasa. Wasu na cewa in yanka kafin ya zama mushe a yi asara biyu. Wani ya ce in zuba baƙin mai a ciwon. Wani Alhaji ya aiko yana so ya saya ya kai gidansa na Marwa don ado. Ni kuwa abin da raina ke so, ya warke ya koma inda Allah ya ajiye shi. Muna yara in muka bi mahaifinmu hanyar Maga, barewa muke gani suna tsallake hanya a gabanmu. 'Ya'yana ba su taɓa ganin mai rai ba sai wannan.

Me zan sa a ciwon? Me zan ba shi ya ci? Kuma in 'yan gandun daji suka ji labari, kama ni za su yi?

Tsohon Mai Gadin Daji, Garwa:

Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari, Sarkin Fawa, Allah ya saka. Na yi gadi a gandun dajin Waza, daga baya a na Binuwai, kafin in ajiye aiki, irin wannan ta sha zuwa hannunmu.

Tsoro ya fi ciwon nan saurin kashe shi, wannan ka fara riƙewa. Barewa in aka kore ta da yawa, ko aka yi ta danne ta ana juyawa, tsokar jikinta lalacewa take yi, ƙoda ta kasa. Sai ka gan ta kamar ta samu sauƙi, bayan kwana biyu ko uku ka tarar ta sheƙa, wani lokaci fitsarin ya yi duhu kafin nan. A Makarantar Namun Daji ta Garwa, wadda aka buɗe a 1970, ana yi mana kashedin wannan sosai. Saboda haka ɗakin gawayin nan ka share shi tas, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kauri don hunturu, ka rage haske. Yara kada su shiga. Masu zuwa kallo ka ba su haƙuri. Kare ko kusa kada ya zo. Mutum ɗaya ne zai riƙa shiga, shi ma ba surutu. In za a taɓa ƙafar, a fara yafa masa ƙyalle a ido, za ka ga ya lafa.

Baƙin mai kada ka kuskura. Toka ma haka, balle garin batir da wasu ke barbaɗawa. Tafasa ruwa lita ɗaya, ka sa gishiri ƙaramin cokalin shayi biyu ba tuli ba, in ya huce ka wanke ciwon da sirinji marar allura safe da yamma har datti ya daina fita. Ka duba da kyau ko ƙuda ya yi ƙwai, in ka ga tsutsa ka tsince. Ɗauri kada ya yi tamau. Sannan ka riƙe kofaton a hannunka. In da ɗumi, jini na sauka, akwai fata. In ya yi sanyi ya fara baƙi, ƙafar ta mutu, kuma ba zan ɓoye maka ba, barewa mai ƙafa uku ba ta daɗewa a daji. Tunda ka ce ya fara wari, allura yake so, kuma malamin dabbobi ne zai yi ta daidai nauyinsa. Ka kira shi gida, kada ka ɗora dabbar a babur. Allurar tiren kasuwa da maganin mutane duk ka bar su.

Ka raba shi da awakin da kake sayowa. Annobar nan ta awaki da tumaki mai majina da zawo, wadda ake yi wa rigakafi, tana kama barewa. Ka wanke hannu in ka fito daga mahauta kafin ka shiga wurinsa.

Batun hukuma kuma, doka ta raba namun daji aji uku, A da B da C. 'Yan ajin A, irin su raƙumin dawa da zaki, ba a taɓa su sam. Tun dokar 1994 aka rubuta cewa wanda aka samu da dabbar ajin A ko B a hannunsa, mai rai ko matacciya, ana ɗauka shi ya kama ta ko ya kashe ta, sabuwar dokar 2024 kuma ƙara tsanani ta yi. Barewa mai jan goshi tana cikin waɗanda aka kare. To kada ka jira a zo maka. Ka je wurin lawan ku tafi tare ofishin gandun daji, ka faɗi yadda aka yi, a rubuta. Wanda ya kai kansa da wanda aka kamo ba ɗaya ba ne. Alhajin Marwa kuwa ka ba shi haƙuri, in ka sayar masa ka shiga laifi da ƙafarka.

Abu ɗaya ne bai yi mini daɗi ba, kuɗin da ka bayar. Yaran nan yanzu sun san ɗan barewa mai rai na kawo 3,000. Kuma barewa tana da wata ɗabi'a: in ta haihu takan kwantar da jaririn cikin ciyawa ta yi nisa, sai lokaci lokaci take dawowa ta shayar. Makiyayi ya gan shi shi kaɗai ya ce maraya ne ya sungumo, alhali uwar na nan tana hangensa. In kasuwa ta buɗe, lafiyayyun ma za a riƙa kawowa.

Uwar Yara, Marwa:

Malam, ni ban san daji ba, amma 'yan awakin da uwarsu ta mutu na raina ba adadi. Ka gaya wa uwargida nonon ya zama da ɗumi ɗumi, ta ɗiga a bayan hannunta ta ji. A tsaye za a ba shi, kai a ɗan ɗage yadda yake yi a ƙarƙashin uwarsa. Kada a kwantar da shi rigingine, kada a yi masa ɗura, in nono ya bi hanyar iska huhu zai kama, da wuya ya tashi. Hujin kan kwalbar ya zama ƙarami. Kaɗan kaɗan sau da yawa ya fi a cika masa ciki sau biyu. Ba sukari, ba madarar gwangwani mai zaƙi, kwalba kuma a wanke ta da ruwan zafi duk bayan sha. In ya gama a shafa masa ƙarƙashin wutsiya da tsumma mai ɗumi, ko zai yi fitsari da kashi, don uwar lasa take yi. Ku rataya masa reshen gawo, yanzu ne lokacin ganyensa, da na magarya da ɗan harawa. Dusa da tsaki kada ku cika masa, kumburin ciki suke kawowa.

Akwai hadisin da malaminmu na islamiyya ya karantar da mu, sahabbai suka ɗauko 'ya'yan wata tsuntsuwa a hanyar tafiya, uwar ta zo tana kaɗa fukafukai a kansu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Niyyarka ta mayar da shi daji tana kan hanya. Allah ya ba da lada.

Manomin Kaele:

Ni ba ni da rigima da ɗan barewa, Allah ya ba shi lafiya. Amma da na karanta yadda ake lissafin cokalin gishiri saboda ƙafarsa, sai raina ya sosu.

Duk damina giwayen Waza suna gangarowa kudu, yankinmu da Mindif. Bara da dawa ta fara nuna, a kan rumfar gona nake kwana da gwangwani da tocila. Dare ɗaya na dawo gida saboda matata ba lafiya. Da asuba na koma na tarar da gonar a kwance. Abin da ba su ci ba sun tattake, sawun ƙafa ɗaya in ka tsaya a ciki da ƙafafunka biyu akwai sauran wuri. Abincin gidana na shekara ke nan. Aka zo da takarda aka auna gona, aka rubuta sunana, har yau ban ga ko tiya ɗaya ba. A watan Mayu na 2023 da giwaye suka shiga cikin Marwa, duniya ta ji, hotuna suka cika Facebook. Mu da suke shigar mana kowace shekara wa ya ji?

Baba na Garwa, ka lissafa mana aji uku na dabbobi. Mu manoma wane aji muke? Kuma wanda ya kafa wayar nan a bakin karal, ina kyautata zaton manomi ne irina da gadu ya hana masakwarsa sakat.

Mahaucin Bogo:

Na gode ƙwarai, jama'a. Baba, na riƙe kofaton kamar yadda ka ce, da ɗuminsa, alhamdu lillahi. Malamin dabbobi ya zo gida ya yi allura, ya tsince tsutsa biyu da ban gani ba a ƙarƙashin fatar, ya fesa magani. Uwargida ce kaɗai ke shiga yanzu, don ita ya fi yarda da ita. Hajiya, ta ce a gaishe ki, maganar tsumma mai ɗumi ta yi aiki. Yau da safe ta tarar ya miƙe a kan ƙafa uku yana jan ganyen gawo, ta huɗun yana ɗan dangwala ta a ƙasa yana ɗagewa. Mun je da lawan an rubuta bayanina, sun ce ya zauna a hannuna har ya iya tafiya, za su zo su duba.

Maganar kuɗi, Baba, na ji ka kuma gaskiya ka faɗa game da kasuwa. Sai dai a wurin nan wuƙar mai tsire na kusa, ba ni da iko a kan yaran, abin da ke aljihuna shi ne kawai bakina. Abin da zan yi, na san garken da suka fito, Alhamis mai zuwa zan nemi arɗonsu mu zauna. Zan kuma gaya wa 'yan'uwana mahauta da masu tsire a gaban sarkinmu cewa naman daji a bayan kara ba namu ba ne.

Ɗan'uwana na Kaele, Allah ya mayar maka da alheri. Surukaina manoman karal ne, na san mene ne mutum ya dasa masakwa da hannunsa rami rami ya zuba ruwa, wani abu ya zo ya cinye. Ban ce ka yi haƙuri kawai ba, hakkinka ne a biya ka. Amma waya ni a sana'ata nake ganin aikinta. Duk rani ana kawo mana awaki da maruƙa a sayar da su da araha saboda ƙafa ta ruɓe, in ka feɗe sai ka ga zoben da waya ta bari har kan ƙashi. Na makiyaya ne, na manoma ne, wani lokaci na mai tarkon ne da kansa. Waya ba ta san gadu ba, duk ƙafar da ta shiga ja take yi.

Masu ce mini mahauci da tausayin dabba, ai mu aka fi koya wa. Kafin mahaifina ya ba ni wuƙa sai da ya koya mini wasa ta ba a gaban dabba ba, kada in yanka wata wata na kallo, a ba ta ruwa, a gama da sauri. Dabbar da ke cikin waya kwana da kwanaki take yi tana fizga cikin rana da ƙishirwa. In ta mutu a nan mushe ce, ko ci ba a yi. Wannan ne ya tsaya mini a rai tun ranar Alhamis.

Direban Njamena:

Salamu alaikum daga ƙetaren Shari. Ina ɗaukar kaya zuwa Am Timan, kusa da gandun Zakuma, bari in ɗan sa baki. Giwayen Zakuma sun kai wajen 4,000 a 2002, zuwa 2010 mahara a kan dawakai sun mayar da su kamar 450 saboda haure. A shekarar ce gwamnatin Cadi ta damƙa wa ƙungiyar kare namun daji ta African Parks kula da wurin. Ba bindiga kaɗai suka zo da ita ba. Sun raba wa ƙauyuka na'urar oba oba, in an ga baƙin mahaya a sanar, wanda hakan ya kare mutanen ƙauyen su ma. Sun ɗauki 'yan yankin aiki, sun gina makarantu. Yanzu giwayen sun koma haihuwa, yawansu na ƙaruwa. A arewa kuma, a Wadi Rime da Wadi Ashim, an dawo da mariri, farin nan mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu, daga Abu Dabi a 2016 bayan ya ƙare ƙaf a daji, yana kiwo wuri ɗaya da raƙuman makiyaya. Abin da na gani da idona, inda mutanen ƙauye ke samun wani abu daga dajin, su ne ke fara kai rahoton mafarauta. Mutumin Kaele bai samu komai ba, don haka ban ga laifin fushinsa ba.

Tsohon Mai Gadin Daji, Garwa:

Malam na Kaele, tambayarka ta yi nauyi, kuma na tsaya a gonaki irin taka ina rubutu, na san fuskar mai gona. Giwayen nan akwai abin da ya ƙara tura su waje. A 1979 aka gina madatsar Maga saboda noman shinkafa, ga fari ya biyo baya, ambaliyar kogin Logon da ke shayar da fadamun gabashin Waza ta ragu, ciyawa mai kyau ta mutu a wurare da yawa. A 1994 an buɗe wata hanyar ruwa don gyara, wani sashe ya farfaɗo, amma ba duka ba. Da rani wasu su yi arewa wajen Kalamaluwe kusa da Kusuri, da damina wasu su yi kudu wajenku, tsohuwar hanyarsu kuma yanzu duk gonaki ne.

Abin da na ga yana ragewa shi ne barkono. A daka busasshe a kwaɓa da kashin shanu, a yi curi a shanya, da dare a kunna ta inda iska ke kai hayaƙin wajen daji. A jiƙa igiya da tsummoki da baƙin mai da garin barkono a zagaye gona, a sabunta bayan ruwa. A Kenya suna jera amya ta zuma a ɗaure da waya ɗaya, giwa ta taɓa ƙudan su tashi. Ba wanda ke aiki har abada a cikinsu, giwa na da wayo, sai ana sauyawa. Gadi kuma na gayya ya fi, maƙwabtan gona su haɗu su yi karɓa karɓa, yadda in uzuri ya kama mutum ɗaya gonarsa ba za ta kwana ba kowa ba. Bindigar gargajiya kada ku harba mata, ba ta kashe ta, sai ta bar ta da ciwo, kuma mai ciwon ce ta fi kashe mutane. Yara a hana su bin ta da waya don hoto. In ɓarna ta auku ku haɗu ku rubuta takarda ɗaya ta hannun lawan zuwa ga suprefe, jami'in gwamnati mai mulkin gunduma, da hotuna da girman kowace gona, ku riƙe kwafi, ku yi ta bibiya. Ban yi maka alkawarin za a biya ba, amma ƙorafin ƙauye guda ya fi na mutum ɗaya wuyar turawa ƙarƙashin tebur.

Sarkin Fawa, ɗumin kofaton nan albishir ne. Yanzu sauran aiki shi ne kada ya saba da ku. Ba ƙararrawa a wuya, ba igiya, ba shafa, yara kada su ba shi abinci a hannu. Namijin barewa da ya tashi a hannun mutane in ƙahonsa ya fito ba ya tsoron kowa, yana iya soke yaro, in kuma aka sake shi wurin mafarauci zai nufa da kansa. Da zarar ya fara taka ƙafar, ka kewaye masa wani lungu da zana mai tsayi inda ba ya ganin mutane, ya samu rana da wurin motsi. Nono a riƙa ragewa in ya kama ganye sosai, wajen wata uku da haihuwa ya isa yaye. Sakinsa sai ruwa ya sauka ciyawa ta fito, da sassafe, a inda ake ganin 'yan'uwansa, kuma ma'aikatan ne za su zaɓi wurin su ɗauke shi cikin akwati mai duhu. Kada a mayar da shi bakin karal ɗin da aka same shi, inda aka kafa waya ɗaya akwai wasu.

Gobe ka gaya mini yadda kashinsa yake, ƙwaya ƙwaya ne ko ruwa ruwa, da ko kumburin ya haura sama da gwiwa.